Darasi na Tara: Sauya Katin Hoto a Tsohuwar Kwamfutar Tebur

Yawancin kwamfutocin tebur da ke aiki a shagunan buga takardu, da ɗakunan ɗaukar hoto, da makarantun koyon kwamfuta a garuruwanmu, ba sababbi aka saye su ba. Ofisoshin Turai da Amurka ne suka gama da su, aka lodo su a kwantena zuwa Legas, daga nan suka bazu a Computer Village ta Ikeja, da Banex a Abuja, da Farm Centre da titin Beirut a Kano. Su Dell OptiPlex ne, da HP EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre. Injuna ne masu ƙarko, domin an ƙera su ne su wuni a kunne shekara da shekaru. Sai dai don aikin ofis aka yi su: rubutu, lissafi, aika saƙo. Ranar da mai shago ya karɓi aikin haɗa bidiyon biki, ko yara suka sa wasan ƙwallo, sai hoto ya fara tsayawa yana tafiya, fanka ta ɗau kuka, aikin minti goma ya ci awa guda.

A irin wannan hali ne ake ce wa mutum ya je ya sayo katin hoto, abin da masu gyara ke kira girafik kad. Shawarar tana iya zama daidai. Amma kuɗi da yawa na salwanta a nan, saboda mutane kan fara da kasuwa, su sayo katin da suka ji sunansa, sai an dawo gida a tarar ko dai bai shiga akwatin ba, ko wutar injin ba ta ɗauke shi ba. A wannan darasi za mu bi ta ɗaya hanyar. Akwatin da ke gabanku shi zai faɗa muku katin da za ku saya, ku kuwa aikinku shi ne ku iya karanta abin da yake faɗa.

Aikin katin hoto

Hoton da kuke gani a monita tarin ƙananan ɗigo ne. Monita mai girman 1920 da 1080 tana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kuma ana sabunta su sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Dole wani abu ya lissafa launin kowane ɗigo. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana iya yi, amma ba irin aikinta ba ne. Furosesa kamar Core i5-3470 ta shekarar 2012 tana da ma'aikata huɗu ne a cikinta, ƙwararru, masu iya kowane irin lissafi. Katin GTX 1650 kuwa yana da ƙananan ma'aikata 896. Kamar gayya ce a gona: ba wanda ya kai manomi gwaninta a cikinsu, amma da yake kowa ya kama kunyarsa a lokaci guda, kafin azahar an tashi.

Injunan ofis suna da ɗan abin sarrafa hoto a cikin furosesar kanta, irin su Intel HD Graphics 2500 ko 4600. Ba shi da ma'ajiyar kansa, daga ram ɗin kwamfutar yake ara. Ya isa rubutu da kallon bidiyo na yau da kullum. Katin da ake sakawa daban kuwa yana zuwa da injinsa, da ma'ajiyarsa, da fankarsa. Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan kasuwa, Nvidia mai GeForce da AMD mai Radeon, sai Intel da ta shigo daga baya da Arc. Su ke ƙera injin, wasu kamfanonin kamar Asus, MSI, Gigabyte, Zotac da Sapphire su ɗora shi a kan kati. Shi ya sa za ku ga GTX 1650 dogo mai fanka biyu, ku kuma ga wani GTX 1650 ɗin gajere siriri.

Ku fara tabbatar da cewa katin ne matsalar

Idan kwamfuta na ɗaukar minti biyar kafin ta gama tashi, ko Word na jinkirin buɗewa, katin hoto ba zai yi maganin komai ba. Wannan ciwon tsohon hadis ne, wato ma'ajiyar fayiloli mai juyawa, maganinsa sabuwar ma'ajiya ta SSD. Idan tana sarƙewa da zarar an buɗe shafukan intanet da yawa, ram ne ya yi kaɗan. Gigabait 4 ba ya isa yau, a mai da shi 8 ko 16. Waɗannan biyun sun fi kati araha, kuma a ganina duk wanda bai yi su ba bai kamata ya yi zancen kati ba tukuna. Mai aikin CorelDRAW da buga katin gayyata ma, sau da yawa SSD da ram sun ishe shi.

Ga yadda za ku gane da idonku. Ku kunna aikin da ke wahalar da injin, sannan ku danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Task Manager zai buɗe, ku shiga shafin Performance. Za ku ga layin CPU (furosesa), da Memory (ram), da Disk (hadis), a wasu injunan har da GPU (mai sarrafa hoto), kowanne da adadin nauyin da ke kansa. Wanda ya maƙale a kusa da 100 cikin 100 shi ne mai riƙe sauran. Idan GPU ne, ko kuwa CPU ce ke cika a lokacin da kuke duba bidiyon waya kawai, to kati zai taimaka. Dalilin na biyun shi ne, wayoyin zamani da yawa suna ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC, wanda tsofaffin Intel HD ba su iya warware shi da kansu ba, sai su jibga wa furosesa. Kati irin GTX 1050 Ti yana da sashe na musamman da ke wannan aikin ba tare da wahala ba.

Buɗe akwati: rami da fili

Ku kashe injin, ku zare wayar wuta daga bango, ku buɗe murfin gefe. A kan madabod, wato babban allon da sauran sassa ke jone da shi, kusa da bayan akwatin, za ku ga dogon rami mai ɗan maƙalli na roba a ƙarshensa. Sunansa PCI Express x16, ko PCIe a taƙaice. A injunan Dell sau da yawa shuɗi ne. Nan katin zai zauna.

Wannan rami ya fara bayyana a kwamfutoci ne wajen 2004, inda ya gaji wani tsoho mai suna AGP. An yi ta sabunta shi, na 2.0 a 2007, na 3.0 a 2010, na 4.0 a 2017, amma siffarsa ba ta canza ba, kuma sabon kati yana aiki a tsohon rami, sai dai ya rage gudu zuwa iyakar ramin. Saboda haka lambar PCIe ba abin damuwa ba ce a yawancin lokuta. Idan kuwa kun buɗe kun tarar da AGP, ku rufe akwatin ku adana kuɗinku, zamanin injin ya wuce.

Sai fili. Injunan ofis galibi iri uku ne a kasuwa. Akwai doguwar hasumiya, wadda ake rubuta wa MT, tana ɗaukar kati mai cikakken tsayi. Akwai siririya, SFF, wadda ta fi yawa a shagunanmu saboda araha. Ita gajeren kati kawai take ɗauka, wanda ake rubuta LP a kwalinsa. Akwai kuma 'yar mitsitsiya, USFF ko Micro ko Tiny, wadda galibi ba ta da ramin ma sam. Ku ɗauko abin awo na tela ku auna daga ƙarfen baya zuwa abu na farko da zai tare katin, yawanci kejin hadis ne. Ku kuma duba gefen ramin. Katuna da yawa suna da kauri, suna cin gurbi biyu, kuma a wasu sirarun injuna ramin yana manne da akwatin wuta, ta yadda kati mai kauri ba zai zauna ba ko da gajere ne. Ku rubuta waɗannan awo a takarda, da ita za ku je kasuwa.

Wuta

A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan aka fi yin asara, kuma a nan ne kuskure ke iya kaiwa ga gobara.

Akwatin ƙarfen da wayar bango ke shiga cikinsa shi ne fawa-fak. Yana karɓar wutar gari ya mai da ita ƙaramar wuta mai bolt 12, da 5, da 3.3, ya rarraba wa sassan injin. Furosesa da katin hoto duka daga layin bolt 12 suke sha. A jikin fawa-fak akwai takarda manne. Ku haska ta da fitilar waya. Za ku ga jimillar ƙarfinsa da harafin W, wato wat. Siririn OptiPlex 7010, alal misali, wat 240 gare shi, doguwar hasumiyarsa kuma 275. A ƙasa akwai ɗan jadawali. Ku nemi inda aka rubuta +12V, ku ga lambar da ke ƙarƙashinsa mai harafin A, wato amfiya. Ku ninka su biyun. A ce an rubuta 17A, to 12 sau 17 ya ba da wat 204. Wannan ita ce lambar da ta shafe ku, ba babbar da aka rubuta a sama ba.

Shi ramin PCIe, iyakar abin da yake ba kati wat 75 ne. Katin da ke bukatar fiye da haka yana da ƙarin soket a kafaɗarsa, mai ƙofa 6 ko mai ƙofa 8. Mai 6 yana ƙara wat 75, mai 8 yana ƙara 150, kuma daga fawa-fak kai tsaye wayarsu ke fitowa. Ku leƙa cikin injin ofis ɗinku ku nemi irin wannan waya. A mafi yawansu ba za ku same ta ba. Ma'ana, katunan da ke gabanku su ne waɗanda ba su wuce wat 75 ba. A wasu sirarun injunan ma, kamfanin ya rubuta a littafin injin ko a jikin madabod cewa ramin bai kai 75 ɗin ba, don haka ku duba lambar injinku a shafin kamfanin.

Mu yi lissafi da wat 204 ɗin nan, a inji mai furosesar da muka ambata a baya. Core i5-3470 tana cin wat 77 idan ta ɗau nauyi. Mu ƙiyasta madabod da ram da hadis da fankoki a kan wat 40. Mun sami 117. Idan aka ƙara kati mai wat 30, an sami 147, akwai sauran fili sosai. Idan mai 75 ne, 192 ke nan, ya shiga amma ba rara mai yawa, kuma ku tuna fawa-fak ɗin ya haura shekara goma yana aiki. Idan kuwa RX 580 ne, mai cin wat 185, jimilla ta haura 300. Ba zai yiwu ba.

Za a nuna muku wata 'yar waya a kasuwa, wadda ke karɓa daga soket ɗin hadis, wato SATA, ta fitar da mai ƙofa 6. Za a ce muku da ita an gama magana. Kada ku saya. Soket ɗin SATA wat 54 kacal aka yi shi ya ɗauka a layin bolt 12, kuma wayar ba ta ƙara wa fawa-fak ƙarfin da ba shi da shi. Abin da ke faruwa shi ne roba ta yi zafi ta narke, wani lokaci da dare bayan an bar injin yana fitar da bidiyo an tafi gida.

Mai doguwar hasumiya yana iya sauya fawa-fak ɗin gaba ɗaya, amma sai ya duba babbar wayar da ke shiga madabod. Ta gama-gari ƙofa 24 gare ta. OptiPlex 7010 haka yake. Daga 7020 da 9020 kuwa, Dell ta koma wata tata mai ƙofa 8, HP da Lenovo ma suna da irin nasu, kuma fawa-fak na kasuwa ba ya shiga sai da mahaɗi na musamman. In za ku sayi sabo, ku ɗaga shi a hannu. Wanda aka rubuta wa wat 500 amma ba shi da nauyi ko kaɗan, rubutun ne kawai. Araha ba ta ado a wannan wuri, domin idan fawa-fak ya mutu yakan tafi da madabod da katin tare.

Abu biyu kuma kafin mu wuce. Kada ku taɓa kwance murfin fawa-fak, akwai sassan da ke riƙe wuta mai kisa a cikinsa ko bayan an zare shi daga bango. Sannan wasu tsofaffin injunan da suka zo daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya da Nijar ta ɓangaren 230 ce. Idan aka jona shi yana kan 115, ƙara ɗaya za ku ji, sai hayaƙi.

Masu aiki da sola ko inbata su ma su yi nasu lissafin. Kati mai wat 75 da ya yi awa 6 yana aiki tuƙuru ya sha wat-awa 450. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400, kuma idan na ruwa ne ba a so a sha fiye da rabinsa. Katin shi kaɗai ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ake iya amfani da shi. Idan ba ya aiki mai nauyi kaɗan yake sha, amma mai haɗa bidiyo ya san da wannan.

Katunan da suka dace da irin waɗannan injuna

GT 710 da GT 730 suna ko'ina kuma suna da araha, amma ba su fi abin da ke cikin furosesar da wani abin kirki ba. Amfaninsu ɗaya, ƙara monita ta biyu ko samar da ƙofar HDMI. GT 1030 na 2017 yana cin wat 30, yana shiga kusan kowane siririn inji, kuma ya ishi kallon bidiyo mai nauyi da ƙananan wasanni. Sai dai iri biyu ne da suna ɗaya: mai ma'ajiyar GDDR5, da wanda ya fito daga baya mai DDR4, wanda ma'ajiyarsa ba ta kai rabin gudun ta farkon ba. Ku karanta kwalin. Kuma GT 1030 ba shi da sashen da ke hanzarta fitar da bidiyo, wanda Nvidia ke kira NVENC, don haka ba na mai haɗa bidiyon biki ba ne.

Ga mai wannan sana'ar, GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 su ne suka fi dacewa. Dukansu gigabait 4 ne, dukansu wat 75, kuma akwai gajerunsu. A lura, wasu samfuran 1650 suna da soket mai ƙofa 6, ku nemi marar shi. RTX 3050 mai gigabait 6, na 2024, wat 70 yake ci kuma ya fi su ƙarfi, amma kuɗinsa na iya fin na kwamfutar kanta. RX 6400 na AMD, na 2022, siriri ne mai cin wat 53, sai dai layi huɗu kawai yake amfani da su a ramin, don haka yana rasa wani ɓangare na gudunsa a tsohon PCIe, kuma shi ma ba shi da sashen fitar da bidiyo. Katunan Arc na Intel suna bukatar wani tsari da tsofaffin madabod ba su da shi, ku bar su.

Kada ku ɗora babban kati a kan raunanniyar furosesa. Idan injin Core 2 Duo ne, duk abin da ya wuce GT 1030 zaman jira zai yi. Akwai kuma batun BIOS, wato manhajar madabod da ke tayar da injin. Injunan da aka yi kafin wajen 2012 da yawansu suna da tsohon tsari, sababbin katuna kuwa wasunsu sai da sabon tsarin UEFI suke nuna hoto. Mai irin wannan injin ya ɗauke shi ya je da shi kasuwa a gwada a gabansa.

Ku duba wayar monitarku ma. Idan mai shuɗin kai ce, wato VGA, ku sani daga jerin GTX 10 zuwa sama Nvidia ta daina fitar da irin wannan sigina. Za ku bukaci mahaɗin HDMI zuwa VGA, mai ɗan inji a ciki.

A kasuwa

Wannan batu na VGA yana da wani amfani. Akwai jabun katuna da yawa da ake sayarwa da sunan GTX 1050 Ti, alhali a cikinsu tsohon GTS 450 ne na 2010, mai ma'aikata 192 a maimakon 768. An sauya masa suna ne a ƙwaƙwalwarsa, har Windows ma sai ta nuna sunan ƙaryar. Alama ta farko ita ce shuɗiyar ƙofar VGA a bayansa. Ta biyu, kwali marar sunan wani sanannen kamfani. Ta uku, farashin da ya yi daɗi fiye da kima. Akwai manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z, ku sa ta a filasha ku tafi da ita. Tana nuna ainihin injin da ke cikin katin da yawan ma'aikatansa, kuma takan rubuta FAKE a gaban sunan da yawa daga cikin jabun.

Katunan hannu kuma, da yawansu sun yi aikin haƙar kuɗin kirifto dare da rana. Lokacin da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa a watan Satumba na 2022, irin su RX 580 suka cika kasuwannin duniya da araha. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji. Ku juya fankar da yatsa, idan tana girgiza ko tana gurnani ku ajiye. Ku duba bayan katin, ko akwai wurin da ya yi duhu saboda zafi, ko notunan sun sha kwancewa har bakinsu ya cinye.

Mai kaya na gari ba ya ƙin gwaji. Ku ce masa, "Malam, don Allah a sa min shi a inji mu gani, in ya yi kwata guda yana aiki lafiya sai mu yi ciniki." Idan ya ce, "Haba Alhaji, ai yanzu na gwada shi," ku ce kun yarda, amma kuna so ku gani da idonku. A kunna wasa ko bidiyo mai nauyi, ku zuba wa monita ido. Ɗige-ɗige masu launi, layuka, ko hoto ya ɗauke ya dawo, duk alamun ma'ajiyar katin ta fara mutuwa ne. Ku sa a rubuta muku kwanakin garanti a rasit. Idan injinku siriri ne, ku tabbata an haɗo muku da gajeren ƙarfen baya, domin nemansa daban wahala ce.

Sakawa

Aikin kansa bai fi minti goma ba, kuma sukudireba mai bakin kuros kawai yake bukata. Kafin ku fara, ku sauko da direban katin, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da shi, daga shafin Nvidia ko AMD ku ajiye. Idan akwai wani tsohon kati a ciki, ku cire direbansa tukuna. Manhajar DDU tana share shi tas.

Ku kashe injin, ku zare wayar bango, ku danne makunnin gaba na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. Ku taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ku taɓa komai a ciki. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu. Wutar nan da kan ɗan ja mutum idan ya taɓa ƙofar mota a busasshen yanayi, ta isa ta kashe sashen kati ba tare da an ga alama ba. Ku riƙe katin ta gefunansa, kada yatsa ya hau haƙoran zinaren da ke ƙasansa.

Ku cire ƙarfen da ya rufe gurbin baya daidai da ramin. A injunan ofis galibi wani marfi ake ɗagawa, ba a ma bukatar kwance noti. Ku daidaita haƙoran katin da ramin. Akwai ɗan yanka a jikinsu da ya yi daidai da wani tudu a cikin ramin, don haka ba ya shiga a juye. Ku sa babban yatsa a kowane ƙarshe ku danna ƙasa a miƙe, ba tare da karkatawa ba, har ku ji maƙallin ya ce ƙas. Ku sunkuya ku duba ta gefe: idan kuna hango zinare a waje, bai zauna ba. Idan ya ƙi shiga, kada ku sa ƙarfi, yawanci harshen ƙarfen baya ne ya hau kan bakin akwatin maimakon ya faɗa tsaginsa. Ranar da za ku cire katin kuma, sai kun danne maƙallin nan tukuna. Masu fizga ba su danne ba sukan taho da ramin gaba ɗaya.

Ku ɗaure ƙarfen baya, ku jona wayar ƙarin wuta idan katin na da soket, ku kawar da duk wayar da za ta taɓa fanka. Sannan ku mai da wayar monita jikin katin, a ƙasa, ba tsohuwar ƙofar madabod ta sama ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Da farko hoton zai fito manya-manya, ba komai, ku sa direba ku sake kunnawa.

Idan monita ta ƙi nuna komai, ku bi a hankali. Ku duba ko an zaɓi ƙofar da ta dace a jikin monitar. Ku cire katin ku sake zaunar da shi. Idan har yanzu shiru, ku cire shi, ku koma ƙofar madabod, ku shiga BIOS ku nemi inda ake zaɓen abin da zai fara nuna hoto. Sabunta BIOS yakan warware matsalar wasu injunan, amma kada ku fara shi sai da UPS ko wutar da kuka tabbata ba za ta ɗauke ba, domin idan ta yanke a tsakiya madabod na iya mutuwa. Injin da ke tashi lafiya amma ya mutu da zarar aiki ya yi nauyi, fawa-fak ne ya gaza. Ku daina gwadawa.

Bayan an saka

Siririn akwati ba shi da iska sosai, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. GPU-Z na nuna zafin katin. Idan yana aiki ya tsaya tsakanin digiri 70 da 80, lafiya lau. Idan yana kusantar 90, ku kashe ku duba. Ku ɗaga injin daga ƙasa, kada ku cusa shi cikin rufaffen kabad, kuma ku riƙa hure ƙurar da bulowa kuna riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙa'ida.

Abu na ƙarshe, ku yi tunanin gaba: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana bukatar furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama. Yawancin injunan da muka yi magana a kansu ba su kai nan ba. Saboda haka ku sayi katin da zai iya bin ku zuwa inji na gaba, ku adana kwalinsa da dogon ƙarfen bayansa.

Aiki

1. Ku buɗe kwamfutar aji ko ta gida bayan kun zare wuta. Ku rubuta sunan injin, da nau'in akwatinsa, da tsawon filin kati, da abin da aka rubuta a ƙarƙashin +12V, sannan ku fitar da wat ɗinsa.

2. Wata mai shagon ɗaukar hoto tana da siririn inji mai Core i5-4570, wadda ke cin wat 84, da fawa-fak mai wat 255, da ram gigabait 4, da tsohon hadis, da monitar VGA. Tana so ta fara haɗa bidiyon suna da na biki. An yi mata tayin RX 580 da araha, har da wayar SATA kyauta. Ku yi mata lissafin wutar, ku faɗa mata abin da za ta fara saya, da katin da ya dace da ita, da abin da za ta haɗo da shi saboda monitarta.

3. Ku biyu-biyu, ɗaya ya zama mai kaya ɗaya mai saye. Mai saye ya nemi gwaji, ya kuma faɗi abubuwa uku da zai duba a jikin katin kafin a kunna shi.